Eko a asibitocin Jos: amsa ga mai cewa hoton zuciya kayan alatu ne

Hoton zuciya da ma'aikatan asibiti ke kira eko da sauti ake ɗaukarsa. Na'urar tana da wani ɗan baki da ake riƙewa a hannu ɗaya, a ɗora shi a ƙirji, ya aika sauti cikin jiki, sautin ya bugi bangon zuciya ya dawo. Na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta mayar da lissafin hoto mai motsi a kan allo. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya haura girgiza 20,000 a daƙiƙa guda, shi kuwa wanda ake duba zuciyar babban mutum da shi yana tsakanin miliyan 2 da miliyan 5. Gudunsa cikin tsoka da jini kusan mita 1,540 ne a daƙiƙa, shi ya sa ake samun hotuna gommai kafin zuciya ta gama bugu ɗaya. Babu yanka, babu huda, babu irin hasken da ke cikin eksire, don haka ana yi wa jinjiri ɗan kwana ɗaya, ana yi wa mai ciki wata tara. Dabarar ɗaya ce da ta sikanin ɗin ciki da masu juna biyu a Jos suka saba da shi, sai dai abin da ake kallo a nan ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Wani marubuci, a sharhin da ya yi kan yadda ya kamata a kashe kuɗin kiwon lafiya a Jihar Filato, ya jera wannan na'ura cikin kayan alatu, irin waɗanda asibiti ke saye don a gani a yaba. A cewarsa yawancin ciwon zuciya a Najeriya daga hawan jini yake tasowa, kuma abin awon jini na 'yan dubban naira ya isa ya gano shi. Abin da eko ke bankaɗowa kuma, in ji shi, sai tiyatar miliyoyi ke gyara shi, saboda haka nuna wa talaka hoton zuciyarsa ƙara masa baƙin ciki ne kawai. Ya rufe da cewa ga ƙananan na'urori da ƙirƙirarriyar basira nan tafe, za su mayar da injinan yau da masu sarrafa su tsohon yayi, gara a jira.

Kashin farko na maganarsa gaskiya ne, babu likitan zuciya da zai musa. Binciken THESUS-HF da aka wallafa a 2012 ya bi marasa lafiya 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya sami hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin ɗari. Matsakaicin shekarunsu 52, wato mutanen da ke ɗauke da gidaje. Duk kuɗin da aka zuba wajen auna jinin jama'a a Taminus ko a masallatai da majami'un Bukuru ba asara ba ne. Amma lissafin da ya ba da 45 shi ne ya bar 55, kuma marubucin bai ce uffan a kansu ba. Sannan amfanin abin awon jini kafin zuciya ta gaza ne. Idan ta riga ta gaza, jinin da ya daɗe a sama ma yakan sauko, awo ya nuna lamba mai kyau alhali mutum yana haki a zaune.

Ko me ya sami zuciya, kukanta kusan ɗaya ne: haki, kumburin ƙafa, tari da dare, kasa kwanciya a miƙe sai an tara matashi. A ɗauki mata uku da suka zo asibiti rana ɗaya da wannan koke. Ta farko ta haihu wata biyu da suka wuce, tsokar zuciyarta ta saki, babban ɗakin hagu ya buɗe yana matsawa da ƙyar. Ta biyu tsokarta lafiya lau, amma bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu ya tsuke, asalinsa wani ciwon maƙogwaro da ta yi tana 'yar firamare. Ta uku zuciyar kanta babu abin da ya same ta, ruwa ne ya taru a jakar da ta lulluɓe ta ya matse ta, kuma a Afirka tarin fuka ne ya fi kawo haka, musamman ga mai ɗauke da HIV. Eksire na iya nuna inuwar zuciya ta yi girma a dukansu, ya tsaya nan. Idan babu eko, abin da ake yi shi ne a ba duka ukun maganin fitsari, Lasix ko ɗan'uwansa, a zuba ido. Ta farko za ta ji sauƙi. Ta biyu za ta ɗan ji dama, amma abin da take buƙata shi ne a rage saurin bugun zuciyarta don jini ya sami lokacin ratsa ƙofar da ta tsuke, idan kuma bugun ya hargitse a kare ta daga daskarewar jini mai kawo shanyewar ɓarin jiki. Ta uku kuwa maganin fitsarin na iya ƙarasa ta, domin zuciyar da aka matse da ɗan jinin da ke shigowa ya cika ta take dogara. Abin da zai cece ta allura ce da za a zuƙe ruwan da ita, mai eko yana nuna hanya, sai maganin tarin fuka na wata shida wanda kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Babu ko ɗaya cikin ukun da aka shigar ɗakin tiyata a wannan rana, amma maganin kowace ya canza saboda an gani. Gani ya kori ji.

Tarihin na'urar ma bai goyi bayan mai kiran ta alatu ba. A 1953 wani likita a asibitin Lund da ke Suwidin, Inge Edler, yana fama da tambaya irin ta mace ta biyu. A lokacin likitocin fiɗa sun fara buɗe bawul da ya tsuke da yatsa. Aikin yana taimakon wanda nasa tsukewa ya yi, yana cutar da wanda nasa yoyo yake yi, kuma da kunne kaɗai ba kullum ake rarrabewa ba. Edler ya haɗu da wani matashin masanin fiziks, Hellmuth Hertz, suka aro na'ura daga masana'antar ƙera jiragen ruwa a Malmö, wadda aikinta gano tsaga a cikin ƙarfe. Hertz ya fara gwada ta a nasa ƙirjin. Abin da suka samu layuka ne masu hawa da sauka, hoto mai siffar zuciya sai daga baya. A shekarun 1960 Harvey Feigenbaum a Indiyana ta Amurka ya nuna ana gane ruwan jakar zuciya da ita. A Jafan Shigeo Satomura ya shigo da ka'idar Doppler tun tsakiyar shekarun 1950, a farkon shekarun 1980 kuma injiniyoyin ƙasar suka sa wa gudun jini launi. Tsukewar bawul ɗin da Edler ya nemo dabarar dominta ta yi ƙaranci a Suwidin tuntuni. A Filato har yanzu tana kwantar da 'yan mata.

Aikin kansa yakan ɗauki minti ashirin zuwa arba'in. Majiyyaci ya kwanta a ɓarinsa na hagu, ya sa hannu ƙarƙashin kai, don zuciya ta matso kusa da haƙarƙari huhu kuma ya kauce, da yake sautin ba ya ratsa iska ko ƙashi. A shafa wani mai mai yauƙi don kada iska ta shiga tsakanin fata da bakin na'urar. A hunturun Jos sanyin wannan mai shi ne abin da ya fi sa mutum zabura a duk aikin. Mai dubawa ya lalubo 'yar taga tsakanin haƙarƙari biyu kusa da ƙashin ƙirji, ya karkata hannu kaɗan, sai ga zuciya kamar an yanka ta ta tsawo, bawul biyu suna buɗewa da rufewa kamar ƙyaure a iska. Ya sauko ƙasan nono inda ake jin bugun, sai ɗakuna huɗu su bayyana. Faɗin ƙofar bawul ɗin hagu mai lafiya santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne. Wanda cuta ta ci, leɓunansa sun yi kauri sun manne, ƙofar ta koma kamar bakin kifi, idan ta sauka zuwa 1.5 ko ƙasa an shiga haɗari. Idan aka kunna launi, ja jinin da ke tahowa wajen bakin na'urar ne, shuɗi wanda ke tafiya (ba ruwan launin da jini mai kyau ko marar kyau, kamar yadda majiyyata kan zata), yoyo kuma ya fito kamar feshin launuka a cakuɗe. Daga gudun jinin ake lissafin matsi, da wata dabara da likitocin Norwe, cikinsu har da Liv Hatle, suka tabbatar a ƙarshen shekarun 1970: a ninka gudun da kansa, a sake ninkawa da huɗu. Jinin da ke ratsa bawul da gudun mita 4 a daƙiƙa yana nuna bambancin matsi 64 a ma'aunin da ake awon jini da shi. Kafin wannan dabara sai an zura 'yar roba ta jijiya har cikin zuciya ake samun lambar. Adadin da aka fi tambaya kuwa shi ne kason jinin da babban ɗakin hagu ke turawa a kowane bugu. Mai lafiya yana tura fiye da rabi, galibi kashi 55 zuwa 70.

Wannan adadi ne ke yanke hukunci a gazawar zuciyar masu jego, ciwon da arewacin Najeriya ke sahun gaba a duniya wajen yawansa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari a Hausawan Zariya na kamuwa da shi bayan haihuwa, suka karkata zargi ga wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Maganar ta shiga littattafan likitanci ta zauna shekara arba'in. Wani bincike a Sakkwato da aka wallafa a 2007 ya sami kusan adadi ɗaya, mace ɗaya cikin haihuwa 102. Sai rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, ta tattara mata fiye da 400 daga asibitoci a sassan ƙasar, kowace an tabbatar da ciwonta da eko, turawar ƙasa da kashi 45. Sakamakon da aka wallafa a 2020 bai ɗaure ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fito shi ne rashin karatu, rashin sana'a, rama, da hawan jinin da ke zuwa da ciki. Wannan bai wanke kanwa ga wadda zuciyarta ta riga ta gaza ba, gishirin da ke cikinta yana ƙara tara ruwa. Amma ya nuna cewa shekara arba'in ana yi wa kakanni faɗa a kan abin da ba shi ne tushen ba, kuma hoto ne ya ba da damar tantance wace ce ke da ciwon, wace ce kumburinta daga wani wuri yake.

Ga mai jegon kanta amfanin ya fi haka kusa. An duba ta an sami kashi 30, an sa ta kan magani, a sake dubawa bayan wata shida. Da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa. Wadda tata ta tsaya ƙasa, sabon ciki na iya zama ajalinta. Wannan magana ce da likita zai gaya wa miji da uwar miji da hujja a hannu, kuma a gidan da haihuwa akai-akai abin alfahari ne, hujjar da ido ya gani ta fi wadda aka ji daga baki tasiri. Tazarar haihuwa ba ta cin miliyoyi. Marubucin da ya ce ƙarshen kowane hoto tiyata ne bai sa irin wannan a lissafinsa ba.

Inda hujjarsa ta fi rauni shi ne ciwon bawul na yara. Asalinsa wata ƙwayar bakteriya ce da ke kama maƙogwaron yaro ɗan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a kashe ta da fanisilin ba, garkuwar jikin wasu yaran takan yi kuskure ta far wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Gaɓoɓi su warke, bawul ya riƙe tabo, kowane sabon ciwon maƙogwaro kuma ya ƙara tabo a kan tabo. Cunkoso ne ke yaɗa ƙwayar. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a watannin sanyi ana kwana tagogi a rufe, kuma a unguwanni irin su Anguwar Rogo da Gangare da Rikkos yara da yawa ɗaki ɗaya suke kwana. Ciwon maƙogwaro kuma ba ciwon zuwa asibiti ba ne a idon iyaye: a sayo ƙwaya biyu a kemis, ko a kira wanzami ya cire beli. Fiye da mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kashe fiye da 300,000 a shekara.

Jos ba 'yar kallo ba ce a binciken wannan cuta. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, cikinsu har da Farfesa Fidelia Bode-Thomas ta sashen zuciyar yara da Farfesa Basil Okeahialam, suna cikin waɗanda suka gudanar da rajistar REMEDY tsakanin 2010 da 2012, wadda ta tattara majiyyata 3,343 daga asibitoci 25 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan 17 cikin ɗari sun rasu. Waɗanda ke karɓar fanisilin na kariya sun ɗan haura rabi ne kawai. Waɗannan su ne waɗanda suka iso asibiti bayan bawul ya gama lalacewa, su ne kuma marubucin yake gani idan ya ce eko ba ya kawo sai labarin tiyata.

Amma ciwon yana da shekarun da yake ɓoye. A 2007 aka wallafa wani bincike da aka yi a makarantun Kambodiya da Mozambik, aka duba yara da abin sauraren ƙirji sannan aka duba su da eko. A Mozambik kunne ya kama yara 2.3 cikin dubu, eko ya kama 30.4. A Kambodiya 2.2 ne da 21.5. Ninki goma ke nan. Wani ɗan binciken da likitocin Jos suka yi a makarantun yankin, aka wallafa a 2020, ya duba ɗalibai sama da 400 ya sami alamun ciwon a kusan biyu cikin ɗari. Tambayar da ta rage shekaru a buɗe ita ce ko ganowa da wuri yana canza wani abu, kuma a lokacin wanda ya yi shakka yana da dalili. Gwajin GOAL da aka yi a Gulu ta arewacin Yuganda ya amsa ta. An duba yara fiye da 100,000, aka ɗauki kimanin 900 masu ɓoyayyen ciwo aka raba su biyu, rabi ana yi musu allurar fanisilin duk mako huɗu, rabi ana bin su kawai. Bayan shekara biyu ciwon ya ci gaba a kashi 0.8 na masu allura, da kashi 8.2 na marasa allura. An buga sakamakon a ƙarshen 2021. Maganin da hoton ya kai ga bayarwa ɗaya ne daga cikin mafi tsufa da arha a duk kantin magani.

A nan akwai inda ya kamata a ba marubucin gaskiyarsa. Shiga makarantu da na'ura ba tare da an tanadi fanisilin da mai yin allurar da littafin bin sawu ba cutarwa ce. An gaya wa uwa ɗanta yana da ciwon zuciya, an tafi an bar ta da fargaba. Wasu ƙananan alamun ma da kansu suke ɓacewa. Allurar tana da zafi, ana yin ta shekaru, samun ta kan yanke, wasu ma'aikatan jinya kuma suna tsoron yin ta. Saboda haka akwai jeri: a fara da masu haki da kumburi da masu ciki, a kafa rajista da hanyar samun allura, sannan a fita neman waɗanda ba su san suna da ciwon ba. Wannan hujja ce ta a tsara aikin, ba ta isa ta zama hujjar barin sa ba.

Ko a inda tiyata ta zama dole, hoton ne ke hana asara. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Inugu a 1974, kuma bayan shekara hamsin har yanzu masu buƙata sun ninka masu samu nesa ba kusa ba. Iyalin da ke shirin sayar da gonar dankali a Bokkos don kai yaro Indiya suna buƙatar sanin ko ramin da ke zuciyarsa ƙarami ne irin wanda yakan toshe da kansa, ko wanda za a gyara ne, ko kuma lokaci ya riga ya ƙure, jijiyoyin huhu sun lalace, tiyatar ba za ta amfane shi ba. Bawul da ya tsuke ma ba kowane ake canzawa ba. Wanda leɓunansa ke da sauran laushi ana buɗe shi da balan-balan ta jijiya, dabarar da likitan Jafan Kanji Inoue ya bayyana a 1984, kuma eko ne ke nuna wanda ya dace da ita.

Saura batun jira. Gaskiya ne na'urar tana ƙanƙancewa. Wajen 2010 kamfanin GE ya fito da Vscan mai shiga aljihu, a 2015 Philips ya kawo Lumify da ake jona wa waya, a 2018 Butterfly iQ ya shigo kasuwa a kan kusan dala 2,000. An gwada a Yuganda da Fiji an ga ma'aikatan jinya da aka horar na ɗan lokaci suna iya tace yaran da ke da yoyon bawul. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri kan wannan ciwo a 2018, ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2024 kuma sun amince da na'urar hannu a inda babu babba. Ƙirƙirarriyar basira ma ta shigo. A Fabrairun 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar Caption Guidance, wadda ke gaya wa mai riƙe da na'ura ya matsa sama ko ya juya hagu har hoto ya fito. A gwajin da aka buga a 2021 ma'aikatan jinya takwas da ba su taɓa yin eko ba sun duba mutum 240, a mafi yawansu aka sami hoton da ƙwararre zai iya karantawa. Wata manhajar da aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 2020 tana lissafa kason turawa da kanta.

Abin da marubucin ya kasa hange shi ne inda duk waɗannan hanyoyi suke ɓullewa. A gwajin Caption manhaja ta taimaka wajen ɗaukar hoto, likitocin zuciya ne suka karanta. A Najeriya ma an yi gwajin da ya nuna haka ƙarara: SPEC-AI, wanda asibitin Mayo na Amurka ya gudanar da asibitoci shida na ƙasar aka wallafa a 2024, ya sa abin sauraren ƙirji mai ƙirƙirarriyar basira a ƙirjin masu ciki da masu jego, cikin mata kusan 1,200 da aka raba biyu. An kama masu raunin zuciya ninki biyu, kusan kashi 4 maimakon 2. Kowace da na'urar ta yi zargi, da eko aka tantance ta. Ƙaramar na'ura ba ta rage aikin babba. Idan aka raba na'urorin hannu a asibitocin Pankshin da Langtang da Shendam, masu shakku da za a turo asibitin koyarwa da ke Lamingo ƙaruwa za su yi, kuma dole a tarar da cikakken inji da wanda ya iya shi suna jira. Akwai kuma batun abin da aka koya wa manhajar. Yawancin na farko da hotunan asibitocin Amurka aka horar da su, inda tsofaffi masu toshewar jijiya suka fi yawa. Bawul ɗin 'yar shekara sha huɗu da ciwon bawul na yara ya ci baƙo ne a wurinsu, shi ya sa yanzu ake koya wa wasu da hotunan yaran Yuganda. Asibitin da ba ya ɗaukar hoto yana adanawa ba shi da abin da zai gwada manhajar da shi ya ga ko ta dace da mutanensa.

Horar da mutum kuma shi ne abin da ba a gaggauta shi. Likitan zuciya yana ɗaukar shekaru bayan kammala makarantar likitanci kafin ya ƙware, ga kuma masu ficewa ƙasashen waje suna ƙaruwa. Wanda ya ce a dakatar da horarwa har manhaja ta iso yana so a fafe gora ranar tafiya. Yaɗuwar sikanin ɗin ciki ya riga ya nuna abin da ke faruwa idan na'ura ta yi arha hannu bai ƙware ba: takarda mai hoto da hatimi, bayanin ciki kuwa shaci-faɗi. A zuciya irin wannan kuskure yana iya ɗora yaro mai lafiya kan allurar shekaru, ko ya sallami marar lafiya da cewa babu komai.

A ɓangaren manyan injina akwai ci gaban da ba duka ne Filato ke buƙata da gaggawa ba, kuma a nan taka-tsantsan ɗin marubucin yana da wurin zama. Awon miƙewar tsoka, wanda ke bin ɗigo-ɗigon da ke cikin hoton ya gano rauni kafin kason turawa ya faɗi, yana da amfani ga masu shan wasu magungunan daji da ke taɓa zuciya. Hoto mai fuska uku yana auna ƙofar bawul da kyau fiye da na da. Eko ta maƙoshi, inda ake zura bakin na'urar ta hanyar abinci a kalli zuciya daga baya, shi ke gano daskararren jini kafin a yi aikin balan-balan. Waɗannan na asibitin koyarwa ne, inji ɗaya ko biyu sun isa yankin. Abin da asibitin ƙaramar hukuma ke buƙata na'ura ce mai batir da za ta jure ɗaukewar wuta, da kuɗin gyara da aka ware tun ranar saye (bakin na'urar shi ya fi tsada, faɗuwa ɗaya kuma ke fasa shi), da ma'aikaci biyu da aka horar don kada aikin ya tsaya idan ɗaya ya tafi hutu, da ƙwararren da ya amince zai riƙa duba abin da aka aiko masa. Hoton daƙiƙa kaɗan da aka ɗauka a Wase da safe zai iya isa Lamingo ta waya kafin azahar, amsar da za ta koma kuma layi biyu ce: ko a fara wa yaron allura a can, ko a sa shi a mota.